Ledar washi za ta iya fitar da kaifin askar aski ba tare da dutse ba?

Tambaya: Na sayi aska mai naɗewa irin ta Turawa, mai faɗin 5/8 na inci, don in riƙa aske gemuna da kaina. Da farko tana ci sosai, yanzu kuwa fizgar gashi kawai take yi, ko da na goga ta a fatar gugar aska. Na tambayi kuɗin duwatsun washi na Japan na ga sun fi ƙarfina. Wani ya ce mini akwai wata leda mai garin washi da ake shimfiɗawa a kan gilashi. Da gaske tana aiki, ko lalata askar zan yi? In tana yi, yaya ake bi?

Amsa: Tana aiki, Malam, kuma ba aikin lallaɓawa ba ne kafin a samu dutse. Bakin da ledar nan ke fitarwa, in an bi ta yadda ya kamata, ba ya jin kunya a gaban na duwatsu masu tsada. Sai dai tun yanzu ka riƙe abu ɗaya: kyawun ledar ba shi ke kawo kaifi ba. Abu biyu ne ke kawo shi, wato shimfiɗar da ka ɗora ledar a kai, da matakin farko na aikin, inda ake cin gefuna biyu na bakin askar har su gamu. Wanda ya tsallake waɗannan ya ruga wajen leda mafi laushi zai tashi da aska mai ɗaukar ido wadda ba ta aski.

Ledar da ake magana, wadda masu sayarwa ke kira lafin fim, falle ne na roba siriri, kaurinsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, an shafe fuskarsa ɗaya da garin washi da aka tace shi ƙwayoyinsa suka zama kusan girma ɗaya. Ba don aska aka ƙirƙire ta ba. Masu haɗa wayar faiba ta sadarwa ne da masana'antun kayan lantarki ke goge abubuwa da ita, inda ɗan karce ƙanƙani kan ɓata aiki, shi ya sa ake tsananta tacewar. Kamfanin 3M na Amurka ne ya fi suna wajen yin ta, akwai kuma wasu da dama. Bambancinta da samfefa shi ne wannan tacewar da kuma bayanta: takardar samfefa tana kumbura in ta jiƙa, ƙwayoyinta kuma manya da ƙanana ne a gauraye, ita kuwa ledar ruwa ba ya canza ta. Garin da ke jiki iri-iri ne. Akwai na alminiyam oksayid, akwai na silikon kabayid, akwai na daimon, wato lu'ulu'u. Na alminiyam oksayid za ka nema. Ya isa ƙarfen aska, ya fi arha nesa ba kusa ba, kuma bakin da yake bari ya fi daɗi a fuska. Na daimon yana ci da sauri, amma tsada gare shi, kuma mutane da yawa suna jin bakinsa da kaushi.

Da maikiron ake auna ta, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Silin gashin mutum yana tsakanin maikiron 50 zuwa 100 ne a kauri, to ka kwatanta ƙwayar da girmanta maikiron 1 ne. Ƙaramar lamba ita ce mai laushi, saɓanin duwatsu, inda babbar lamba ce mai laushi. In an kwatanta da dutse, mai 12 tana kusa da dutse mai lamba 1200, mai 5 wajen 4000, mai 3 wajen 8000, mai 1 kuma wajen 14000. Kiyasi ne wannan, don kowane kamfani da ma'auninsa. Huɗun nan, 12 da 5 da 3 da 1, su ne duk abin da kake bukata. In askar tana da giɓi a baki, ka ƙara mai 30. A na 3M mai alminiyam, mai 12 rawaya ce, mai 5 ruwan ƙasa, mai 3 ruwan hoda, mai 1 koriya mai haske, amma kar ka dogara da launi, don na wasu kamfanoni daban ne. Ranar da suka zo, ka rubuta lambar kowace da alƙalamin maka a bayanta. Akwai mai gam a baya, akwai maras gam. Maras gam za ka saya. Gam yana ƙara taushi a ƙarƙashi, yana riƙe kumfar iska da ƙura, kuma cire shi daga gilashi wahala ne. Falle ɗaya yakan zo inci 8.5 a 11, ka yanka shi gida uku a tsaye da almakashi, kowane yanki ya zama kamar santimita 7 a 28.

Kafin ka kashe kuɗinka, dubi askar taka. Wannan hanyar ta askar da ke da doro mai kauri ce, wadda aka rarake gefunanta, irin ta Dovo da Böker na garin Solingen a Jamus, ko Thiers-Issard ta Faransa, ko tsofaffin na Shafil a Ingila. Hikimar ƙirarsu ita ce doron shi ne ma'aunin kusurwa. In ka kwantar da askar, doro da baki suka taɓa shimfiɗa tare, kusurwar ta fito da kanta. Aska mai faɗin 5/8, wato kusan milimita 16, da doro mai kaurin milimita 4 da rabi, tana ba da kusurwar wajen digiri 16, kuma a nan ne yawancin askar aski suke. Askar wanzamanmu da maƙera ke ƙerawa ba haka take ba. Ba ta da doron da zai jagorance ta, hannun wanzami ne ke riƙe kusurwar, kuma wannan ƙwarewa ce ta shekaru da ake koya a gaban uba ko maigida. Ana iya wasa ta a kan leda, amma da zarar hannu ya ɗan ɗaga, baki zai nutse ya yanke ledar. Wani abin kuma shi ne ƙarfen. Akwai askoki masu arha da ake yi don ado, masu ƙota mai walƙiya, ƙarfensu bai da taurin da zai riƙe baki. Irin waɗannan ko wane dutse ka sa musu, a aski ɗaya bakin zai lanƙwashe. Tunda ka ce taka ta taɓa ci sosai, alama ce mai kyau.

Sai shimfiɗa. Ledar ba ta da siffar kanta, duk abin da ke ƙarƙashinta shi take ɗauka. In akwai tudu ko kwari a ƙasa, to a bakin askarka zai fito. Ka je wajen masu yanka gilashi su yanka maka mai kauri, milimita 10 ko fiye, faɗin santimita 7 da rabi, tsawon 28 zuwa 30, su goge gefunansa don kar ya yanke ka. Faɗin nan yana da dalili: in gilashin ya fi ledar faɗi da yawa, wuyan askar zai riƙa hawa kansa yana ɗaga gindin baki. Gilashin tagar luba ya yi siriri, yana lanƙwasawa in an danna, mai zane a jiki kuma ba ya yi sam. Gutsuren dutsen mabul ko giranit da aka goge yana yi. Tayil ɗin ɗaki kuwa sai an bincika, da yawansu ido na ganin sun miƙe amma suna da ɗan doro a tsakiya. Ka ɗora rula ta ƙarfe a kai ka duba ta hasken rana, in haske na wucewa ta ƙarƙashi, ajiye shi.

Wanke gilashin da sabulu, ka ɗauraye, ka bar shi a jiƙe. Wanke bayan ledar ita ma. Fuskar da ke ƙyalli ita ce baya, ita ke kallon gilashi, mai dishi-dishi ita ce ta aiki. A mai 1 bambancin kaɗan ne, sai ka karkata ta a haske ka tabbatar. Kwantar da ita daga gefe ɗaya zuwa ɗayan, sannan ka bi ta da tsohon katin cirar kuɗi daga tsakiya zuwa waje, ka kore ruwa da iska. Za ka ga ta kama gam ba tare da gam ba. Daga nan sai ka shafa tafin yatsa a kanta a hankali daga farko har ƙarshe. In ka ji ɗan ƙullutu ko guda ɗaya, ɗaga ta ka sake wankewa. Ƙwayar yashi ɗaya ko guntun gashi a ƙarƙashi ya isa ya yi wa baki giɓi, ko ya sa askar ta tsaga ledar. Da hunturu, lokacin da ƙura ke shiga ko'ina, wannan ne babban abokin gaba. Rufe taga, ka yi aikin nesa da ƙofa, yankin da ba ka amfani da shi kuma ya zauna a cikin ambulan.

Yadda ake ja kuwa: zuba ruwa kaɗan a kan ledar. Buɗe askar ta miƙe da ƙotarta, ka riƙe wuyan da babban yatsa da manuni. Fara sauke doro, sannan baki ya biyo a hankali. Tura ta gaba baki na jagora, kai ka ce za ka fere saman ledar ne, kana ɗan zamo da ita gefe yadda gindin baki zai fara, tsini ya ƙarasa. In ka kai ƙarshe, mirgina ta a kan doronta, ba a kan baki ba, ka dawo da ɗaya gefen haka nan. Zuwa da dawowa sawu ɗaya ke nan. Doro ba ya barin leda ko sau ɗaya. Ni na fi son a riƙe gilashin a tafin hannun hagu maimakon a ajiye shi a tebur, don hannu biyu suna daidaita juna, kuma mutum ba ya iya dannawa da ƙarfi. Ka dai lura yatsunka su kasance ƙasa da saman gilashin. Ruwan da ke kan ledar zai gaya maka gaskiya: inda baki ke taɓawa sosai, za ka ga yana tura ruwan a gabansa, daga baya ma ruwan ya riƙa hawa kan askar. Inda ruwa ke zamewa ta ƙarƙashi, wurin bai taɓa ba.

Kada ka fara da mai kaushi kafin ka san ciwon. Askar da ta taɓa aski da kyau, ba ta faɗi ba, ba ta bugi famfo ba, sau da yawa tashi kawai take bukata. Ɗauki alƙalamin maka baƙi ka shafe siririn gangaren bakin, wato wurin da washi ke ci a bakin askar, gefe biyu. Yi sawu biyu ko uku a kan mai 3, ba dannawa. Duba a haske, da madubin ƙara girma in kana da shi, ko kyamarar waya. In tawadar ta goge tas tun daga gindi har tsini, har can ƙarshen baki, to gangaren lafiya lau yake. Yi sawu 40 zuwa 50 a mai 3, haka a mai 1, ka goga a fata, ka gwada. Watakila aikinka ya ƙare a nan. In kuwa ka ga siririn layin tawada ya rage a can bakin, ma'ana gugar fata ta zagaye bakin ko kuma an taɓa wasa ta doro a ɗage. In tawada ta rage a gindi ko tsini kawai, jan ka ne bai kai wurin ba, ko askar tana da ɗan karkata. A waɗannan halaye sai an koma mai 12 an sake kafa gangaren.

A nan ne mutane suka fi faɗuwa, don haka bari in tsaya a kai. Bakin aska ba komai ba ne illa inda fuskoki biyu suka gamu. In ba su gamu ba, akwai ɗan fili a tsakaninsu, ko da ido ba ya ganinsa, kuma wannan filin ne ke fizgar gashi. Leda mai 3 da mai 1 suna cire ƙarfe kaɗan ne ƙwarai, aikinsu share karcen da ta gabansu ta bari. Ba za su haɗa fuskokin da ba su gamu ba ko ka kwana kana ja. Duk kaifin askar a mai 12 ake samo shi, sauran matakan gyara shi suke yi ya yi daɗi a fata.

Hanyar da ta fi sauƙi ga mai koyo ita ce a ci gefe ɗaya har ƙarfe ya leƙo ta ɗayan. Kwantar da askar a mai 12, ka riƙa kai ta kana dawo da ita a gefe ɗaya ba tare da juyawa ba, da ɗan nauyi kaɗan, kwatankwacin na goge rubutun fensir. Ƙirga, ka ce 50. Sannan ka shafa tafin yatsa a ɗaya gefen, daga doro zuwa baki ka wuce waje, kada ka bi tsawon bakin. Kana neman wani siririn leɓe na ƙarfe da zai ɗan kama fatar yatsa. In babu, juya ka yi 50 a ɗaya gefen don kar a ci gefe ɗaya fiye da ɗaya, ka sake dubawa. Haka za ka yi ta yi har leɓen ya fito tun daga gindi har tsini, ba a tsakiya kawai ba. Tsakiya ce ke fara fitowa kusan kullum, gindi da tsini su makara, kuma nan ne gajen haƙuri ke sa mutum ya ce ai ya isa. Bai isa ba. In ya fito a gefe ɗaya gaba ɗaya, sai ka fito da shi a ɗayan da adadin ja iri ɗaya. Daga nan ka koma ja na juyawa, sawu 30 zuwa 40, kana rage nauyi har ya zama nauyin askar kaɗai, leɓen ya kakkarye ya tafi.

Nauyin nan a kula da shi. Askar da aka rarake sosai siririya ce har tana lanƙwasawa a ƙarƙashin yatsa. In ka danna da yawa, bakin zai ɗaga sama, ledar ta riƙa cin bayan gangaren, kai kana ganin kana aiki alhali ba ka taɓa baki ba. Dannawa kuma tana cinye doro, kusurwa ta ragu. Wasu suna liƙa baƙin salatif na masu gyaran wuta a doron don kare shi. Yana da amfani in doron na da ado ko in aikin mai yawa ne, yana kuma ƙara kusurwar da kamar digiri ɗaya. Sharaɗinsa shi ne in ka fara da shi, ka gama da shi, kuma duk ranar da za ka sake tashin askar sai ka liƙa. Ka riƙa canza shi in ya cinye, don gam ɗinsa na ɓata leda. Ga mai aska ɗaya ta amfanin yau da kullum, ni ban ga dole ba.

Ta yaya za ka san gangare ya kafu? Riƙe askar baki na kallon sama a ƙarƙashin fitila ko rana, ka dube ta kai tsaye. Bakin da ya gamu ba ya mayar da haske, ba ka ganinsa ma. Duk inda ka ga ɗigo ko layi yana ƙyalli, wurin bai gamu ba. Sai ka gwada a gashin hannu: daga mai 12 kawai, ya kamata ta aske shi a jikin fata cikin sauƙi, a gindi da tsakiya da tsini, kowanne ka gwada shi daban. Fatar tumatir ma tana nunawa, baki mai kyau yana shiga da ɗan taɓawa, maras kyau ya zame. Wasu na jan baki a kan jiƙaƙƙen farcen babban yatsa su ji ko yana kamawa bai ɗaya. Gwaji ne mai kyau, amma yana ɗan dakusar da baki, don haka a wannan matakin kaɗai ake yin sa, a biyo shi da 'yan sawu.

In bakin askarka yana da ɗan ciki, wato tsakiya ta ɗan fito, kamar yadda tsofaffin na Shafil da yawa suke, ba zai kwanta gaba ɗaya lokaci guda ba. Sai ka riƙa mirgina nauyin a cikin jan, ka fara da gindi, ya ratsa tsakiya, ya ƙare a tsini. Kar ka yi ƙoƙarin miƙe shi, haka aka ƙera shi kuma yana aski da daɗi. Wanda tsakiyarsa ta lotsa ciki shi ne matsala, wannan sai an gyara siffar a mai 30 tukuna, kuma ba aikin ranar farko ba ne.

Sauran matakan ba su da wuya. Cire mai 12, wanke gilashi da aska da hannunka, don ƙwaya ɗaya ta mai kaushi in ta bi ka zuwa mai laushi za ta yi ta zana karce. Shimfiɗa mai 5, yi sawu kamar 50 zuwa 60, farko da ɗan nauyi kaɗan, ƙarshe ba nauyi. Adadin ba doka ba ne, abin dubawa shi ne karcen matakin baya ya ɓace. Za ka kuma ji a hannu: jan yana farawa da ɗan gurzawa, sannan ya yi santsi, daga baya askar ta riƙa ɗan mannewa da ledar. In ta fara mannewa, matakin ya kusa ƙarewa. Haka za ka yi a mai 3, haka a mai 1. In baƙin ƙarfe ya taru a kan ledar, ɗauraye shi.

Akwai wata dabara ta ƙarshe da nake ba da shawara a kai. Bayan ka gama da mai 1, ɗaga ledar, ka shimfiɗa farar takarda ɗaya ta rubutu a kan gilashin, ka jiƙa ta ta kwanta sumul, ka mayar da ledar a kanta. Yi sawu 20 zuwa 30 marasa nauyi ko kaɗan. Ɗan taushin takardar yana sa ledar ta taɓa can ƙarshen baki, ta share ragowar leɓen da ido ba ya gani, askin ya fi laushi. A matakin ƙarshe kaɗai ake yin wannan. In ka sa takarda tun daga farko, gangaren zai zagaye.

Za ka ga ana tallar mai 0.5 da mai 0.3. Ba sai ka saya ba. Suna ƙara kaifi, gaskiya ne, amma bakin yakan yi siriri har ya riƙa cin fata, kuma ba ya daɗewa. Ga masu gashin gemu mai nannaɗewa irin namu akwai ƙarin dalili: gashin da aka yanke ƙasa sosai yana lanƙwasowa ya soki fata, ƙurajen aski su fito. Baki daga mai 1, da aski bin kwanciyar gashi, ya fi mana lafiya.

Bayan leda sai fata, kuma a nan jan yana juyawa: doro ne ke gaba, baki na biye. Ja fatar ta miƙe, kwantar da askar, sawu 40 zuwa 60, juyawa a kan doro. Ina zargin a nan matsalarka ta samo asali. Fatar da ta yi sako-sako, ko ɗaga doro yayin guga, ko dannawa, kowanne yana zagaye baki a 'yan kwanaki, kuma wannan ne ya fi dakusar da askar masu koyo, fiye da gemun kansa. In ba ka da tabbacin hannunka, shimfiɗa fatar a kan tebur ka goga a hankali. Sauri ba ya ƙara komai.

Gwajin da ake yawan nunawa, na sauke silin gashi a kan baki a ga ya tsinke, kar ya dame ka. Ya danganta da irin gashin, kuma gajere mai nannaɗewa ba ya riƙuwa yadda za a yi gwajin da kyau. Fuska ce alƙali. Jiƙa gemu da ruwan ɗumi na 'yan mintoci, sa kumfa sosai, ja fatar fuska da ɗaya hannun, ka kwantar da askar kusa da fata, tazarar doro da kunci kamar kaurin doron sau ɗaya ko biyu. Fara da kunci. In ta wuce ba fizga, aiki ya yi. In tana fizga, kar ka ƙara sawu a mai 1, koma ka duba gangaren da alƙalamin maka. In tana yanka amma da zafi, ƙara 'yan sawu a kan takarda da fata.

Ledar tana da nata aibin, kuma gara ka sani. Tana cinyewa. Mai 12 da mai 30 su ne ke saurin mutuwa, don su ke aikin ƙarfi, wani lokaci aska ɗaya mai taurin kai ta cinye yanki guda. Masu laushi suna yin askoki da dama. In ka ji ba ta cin ƙarfe, ruwa ba ya yin baƙi, ko ta samu tsaga, jefar da ita, don gefen tsagar yana ɓata baki. Samun ta ma sai an yi oda, kuma akwai jabu da lambar da ke jiki ba ta dace da garin ba, don haka a saya inda aka san su. A ɗaya ɓangaren, dutsen ruwa irin na Naniwa ko Shapton ko Norton yana lotsawa da amfani, sai an riƙa daidaita fuskarsa, gilashi kuwa yadda yake yau haka zai kasance. Ga mai aska ɗaya ko biyu kamar kai, falle huɗun nan za su kai ka shekaru. Wanda zai riƙa wasa wa mutane askoki kullum, dutse zai fi masa arha a ƙarshe. Hanya ta tsakiya da nake ganin ta fi ita ce in kuɗi ya samu ka sayi dutse ɗaya mai lamba 1000, kamar na kamfanin King, ya ɗauke aikin kafa gangare, leda ta ci gaba da sauran.

Abu biyu kada ka yi wa askar nan. Kada ka kai ta wajen masu wasa wuƙa da inji, kuma kada ka sa mata wuta da sunan kashe ƙwayoyin cuta. Bakinta ya yi siririn da zafi kaɗan zai cire taurin da aka ba ƙarfen a masana'anta, in kuwa ya fita, washi ba ya dawo da shi. Maganar cuta kuma, ka bar askar ta zama taka kai kaɗai. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa a busasshen jini a jikin ƙarfe har kwana 7 ko fiye, kuma shafa sifirit sama-sama ba tabbas ba ne. Mai yi wa jama'a aski, reza sabuwa ga kowane kai ita ce daidai.

Yawancin askokin nan ƙarfensu mai kama tsatsa ne, kuma tsatsa a baki take farawa. In ka gama washi ko aski, share ta da ƙyalle busasshe, ka tsane tsakanin ƙota da wajen ƙusar, ka bar ta a buɗe ta sha iska kafin ka naɗe. Da damina ka shafa mata ɗigon man keken ɗinki, ka goge kafin aski. Ledar kuma ka ɗauraye ta, ta bushe, ka ajiye ta a shimfiɗe cikin littafi, kowace lamba daban. Ranar da ka ji askar ta fara ɗan ja duk da fata, watakila bayan wata biyu ko uku, sawu 20 zuwa 30 a mai 1 sun isa su tashe ta. In ba su isa ba, sauka mai 3. Ba za ka sake bukatar mai 12 ba sai in askar ta faɗi ko ta yi giɓi.